Hular Haƙorin Rediyo

Yayana likitan haƙori ne, kuma tun da nake da shi ban taɓa ganin ya gama shan shayi a zaune ba. Zai kurɓa a bakin taga, ya ajiye kofin a kan firji, ya je ya gyara labulen da ba abin da ya same shi, ya dawo yana tambaya wa ya ɗauke masa shayi. Mutanen layinmu Ba-Zama suke ce masa. Ya sani, kuma ba ya jin haushi, don kafin ka gama faɗa ya riga ya bar wurin. Ni ƙanwarsa ce, ni ce kuma mai miƙa masa kayan aiki shekara ashirin da biyu ke nan, tun rasuwar maigidana da ya ce in bar zaman tagumi in zo in koyi abin yi. Saboda haka in na ce na san shi, ba a bakin wani na ji ba.

Asibitin namu ɗaki biyu ne da ɗan lungu, a saman shagon wani mai sayar da fenti. Matakala goma sha bakwai za ka hau, ta tara tana motsi, kowa sai na ce masa ya tsallake ta. Ɗakin jira benci biyu ne da fanka mai kuka. Ɗakin aiki kuwa kujera ɗaya ce koriya, da fitilarta, da injin huda haƙori, da kabad mai durowa shida. A lungun nake dafa ƙarafan aiki a tukunyar tururi, can kuma nake zuwa in yi ƙunƙuni idan Yaya ya ishe ni.

Babanmu kafinta ne. In aka kawo masa ƙofar da gara ta ci, ba ya toshe ramin ya shafa fenti kamar yadda wasu ke yi. Zai sa ƙarfen sassaƙa ya yi ta bin ɓarnar, ya yi ta bi, sai ya tarar da farin katako mai ƙarfi, ko da rabin ƙofar zai tafi. Mai ƙofa na tsaye yana salati, Baba ko a jikinsa. A shagon Baba Yaya ya tashi, kuma da ya je makarantar likitoci sai ya tarar malamansa ma haka suke koyarwa: duk inda haƙori ya ruɓe a kankare shi tas, sai an ji ƙarfe na ƙara a kan lafiyayyen wuri, sannan a yi ciko. Abin ya zo masa daidai da jininsa. Shekara talatin da huɗu yana yi, kuma in dai bakin babba ne, wallahi ba na jin akwai wanda ya fi shi hannu a duk yankin. Akwai wani direban bas da ya yi wa ciko shekara goma sha tara da suka wuce, har yau in ya hango mu a hanya sai ya rage gudu ya wangale baki ta taga ya nuna mana.

Yara kuwa wani karatun ne daban. Yaro ɗan shekara biyar ba ya san wai taimakonsa ake yi ba. Ya ga allura, ya ji inji na ihu a cikin kansa, shi ke nan an tashi yaƙi. To ni ce mai riƙo. Uwa ta danne ƙafafu, ni in haɗa hannaye in tallafe kai, Yaya ya yi ta sauri, gumi na ɗiga daga hancinsa. Miyau ya cika bakin, yaro na shure-shure, ciko ba ya samun bushewar da yake so. Bayan wata shida sai ga uwar ta dawo da cikon a ƙunshe cikin takarda, a sake sabon lale. Wata rana a kasuwa ina zaɓen albasa, wani yaro ya gan ni daga bayan uwarsa ya ƙwala ihu ya rungume ƙafar mai nama. Mutane suka yi ta dariya, ni ma na yi, amma da na isa gida abinci ya ƙi shiga. Ni da nake son yara kamar me, na zama dodonsu.

Shekara uku da suka wuce ƙungiyarsu ta likitoci ta shirya musu bita ta kwana biyu. Yaya ya dawo ranar Litinin da wani faffaɗan akwati na roba, ya dangwarar a kan tebur. Na buɗe, sai na ga gidaje-gidaje, kowanne da 'yan ƙananan huluna na ƙarfe masu ƙyalli, siffar haƙorin tauna na yaro, kowace da lambarta.

"Mene ne wannan kuma, Yaya?"

"Tambayi 'yan zamani," in ji shi, yana zagaya kujera. "Wata yarinya ce ta tsaya a gabanmu, wallahi na haife ta. Wai ba allura, ba inji, ba kankara. Wai ka zaɓi hular da ta yi daidai da haƙorin yaro, ka cika ta da simintin haƙori, ka kifa a kai, ka ce ya cije. Shi ke nan! Ruɓar tana nan a ciki, ka ji fa!"

"To ba za ta ci gaba da cin haƙorin ba?"

"Wai in an rufe ta ruf, abinci ba ya kai mata, sai ta tsaya. Haƙorin ya zauna da hularsa har lokacin famfara ya yi, su faɗi tare. Sharaɗin ɗaya ne, kada ruɓar ta riga ta kai jijiya. In ta kai, babu zancen hula."

Na ce, "Kai, amma wannan yarinya Allah ya yi mata albarka. Ka yarda ke nan?"

Ya tsaya yana jujjuya hula ɗaya a tafin hannunsa. "Ta nuna mana hotuna, yara da yawa, shekara da shekaru. Kaina ya yarda. Hannun nan ne bai yarda ba."

Akwatin ya shiga durowar ƙasa. Duk lokacin da aka kawo yaro mai rami a haƙorin tauna sai in ɗan taɓa durowar da ƙafa in kalle shi. Shi kuma kullum da dalilinsa: wannan ramin ya yi ƙanƙanta, wancan ya yi girma, uwar wannan ba za ta so ƙarfe a bakin ɗanta ba, alhali ko tambayarta bai yi ba. Abokinsa mai asibiti a bayan tasha, shi ma likitan kowa da kowa ne irin Yaya, tare suka je bitar, tare suka sayo akwati. Na tambayi matar da ke masa aiki, ta ce nasu ko ledarsa ba a yage ba.

Yaya 'ya ɗaya gare shi, malamar makaranta, ita kuma ta haifa masa jika mace. Rediyo muke ce wa yarinyar, don tun da ta koyi magana ba wanda ya gano inda ake kashe ta. Uwarta na ce min Gwaggo, ita ma ta ɗauka, Gwaggo. Shi kuwa Kaka. Ita kaɗai ce a duniya ke iya tsayar da shi wuri ɗaya: ta riƙe masa kunne biyu ta ce, "Kaka, tsaya, ban gama ba," sai ka ga babban mutum ya ƙame yana sauraron labarin wata ƙawarta da ta zubar da ruwa a aji. Yana tsokanarta da mai giɓi, tana ce masa mai sanƙo.

Bara, tana shekara huɗu da rabi, haƙorin taunanta na hagu ya yi rami. Ya yi mata irin aikin da ya saba. Ni na riƙe ta. Ba zan ba da labarin ranar dalla-dalla ba, don har yanzu ina jin muryarta tana kiran "Kaka, ni ce fa! Kaka, ni ce!" Cikon ya yi kyau, wannan kam ba a magana. Amma yarinyar ta ɗauke masa wuta. In ya shiga gidansu sai ta shige bayan kujera. Ya sayo mata keke, ta karɓa ta hannun uwarta. Wata biyar yana zarya kafin ta sake yarda ta riƙe masa kunne, kuma ko a mota aka bi ta layin asibitin sai ta rufe ido.

To bana, uwar na goge mata baki, sai ta hango baƙi a haƙorin tauna na dama, na ƙasa. Yarinyar ta ce atafau ba za ta hau matakalar nan ba. A tsakar gidansu Yaya ya duba ta, a tsaye, da ɗan madubi da fitilar waya, bayan ta caje aljihunsa ta tabbatar babu allura. Da ƙyar da lallashi aka kai ta wani wuri aka ɗauki hoton haƙorin. Ya ɗaga hoton a hasken taga ya daɗe yana kallo. Ramin ya yi zurfi, amma tsakaninsa da jijiya akwai sauran tazara, kuma yarinyar ba ta jin ciwo ko kaɗan.

Na ce, "Yaya, in akwai haƙorin da aka yi hular nan dominsa, ga shi."

Bai musa ba. Wannan haƙorin ba na wasa ba ne, sai ta kai wajen shekara goma ko sha ɗaya zai faɗi da kansa, shi ke riƙe wa babban da zai fito wuri. In ya tafi yanzu, na baya su matso, babban ya rasa inda zai tsaya. Kuma Yaya ya san in ya sake kunna mata inji, ba wata biyar ba, ƙila ya rasa ta ke nan.

Ranar Asabar ya ɗauki akwatin ya kai gidan 'yarsa, ya buɗe a gaban Rediyo. Idonta ya yi waje. Ya sa mata ɗaya a ɗan yatsa, ya ce wannan hular haƙori ce, ta azurfa, ba kowa ake sa wa ba.

"Da allura?" in ji ta.

"Babu allura."

"Da abin nan mai kuka?"

"Babu. Za ki cije ne kawai, kamar kina cizon rake."

"Ka rantse."

Ya rantse mata, a gabana, a gaban uwarta. Ranar Litinin da ƙafarta ta hau matakala goma sha bakwai, ta tsallake ta tara. Ya sa mata 'yan robobi shuɗaye guda biyu a gefe da gefen haƙorin don su buɗa wa hular hanya, ko uffan ba ta ce ba. Ya ce ta dawo Juma'a.

Juma'a ta zo da sabuwar riga. Muka zaunar da ita a miƙe, ba a kwance ba. Ya cire robobin, ya gwada lamba uku ta yi kaɗan, ya gwada huɗu, na ga yadda ta tsaya a bakin haƙorin tsam, daidai yadda takardar cikin akwatin ta nuna. Na kwaɓa siminti. Abin da ya rage bai fi minti biyu ba. Sai ya sake haska fitila a cikin ramin. Baƙi ne ƙirin, mai laushi, irin wanda shekara talatin da huɗu bai taɓa bari ya kwana a bakin mutum ba. Ina kallo hannunsa na dama ya tafi wajen inji shi kaɗai, kamar ba da saninsa ba.

"Bakin ramin kawai zan ɗan taɓa," ya ce min ƙasa-ƙasa.

Ƙafarsa ta taɓa abin takawa, inji ya yi tsuwwa sau ɗaya. Rediyo ta zabura ta ƙanƙame hannun kujera. Ya saki injin kamar ya taɓa wuta. Ya kalli hular, ya kalli ramin, ya je taga ya dawo. Siminti na daskarewa a hannuna.

"Yau ba za a yi ba," ya ce mata. "Hular ta ɗan yi girma. Sai sati mai zuwa."

Suna fita na rufe ƙofa na ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah. Lamba huɗu ta zauna, da idona na gani."

"Ke kika yi karatun ko ni?"

"Kai ka yi. Shi ya sa nake mamaki."

Daga nan aka shiga jan ƙafa. Ya samo haƙoran roba na koyo, ya yi ta kifa musu hula yana cirewa, tsakanin mai ciwo da mai ciwo, har yatsunsa suka yi ja. Ya fito da takardun bitar ya ja layi a ƙarƙashin kusan kowace jimla. Ya nemo lambar yarinyar da ta koyar da su ya kira ta sau biyu. A kira na biyu ina jin muryarta daga inda nake, tana dariya tana cewa, "Baba, ka sa kawai, duk abin da kake tambaya ka riga ka sani." Ya kashe waya ya ce yaran yanzu ba su da nutsuwa. Shi! Shi ne mai ganin rashin nutsuwar wani.

Sati na uku ya ce wurin da robobi suka buɗa ya koma, sai an sake sa wasu. Aka sa. Ranar da za a yi, Rediyo ta yi atishawa sau biyu a ɗakin jira, ya ce mura ce, ba a aiki da toshewar hanci. Sai sati mai zuwa. Da satin ya zo ya ce hoton ya tsufa, yana son sabo. Aka ɗauki sabo, tazarar ta ragu, sai kuma wannan ya zama sabon dalili: yanzu ai abin ya matso, dole ya ƙara tunani. Kai jama'a! Mutum ya ga ruwa na shigo masa ɗaki, maimakon ya toshe sai ya tsaya auna zurfinsa.

Duk wannan lokacin Rediyo ta riga ta shelanta wa makarantarsu kaf cewa kakanta zai sa mata haƙorin azurfa, lamba huɗu. Har malamar ajinsu ta aiko tana tambaya. Kullum ya je gidan sai ta tare shi a ƙofa: "Kaka, yau ne?" Shi kuma ya shafa kanta ya shiga kame-kame. Ya rame, ya daina ƙarasa ko rabin shayin. Matarsa ta ce min a gida ma haka yake, daga falo zuwa tsakar gida, daga tsakar gida zuwa falo, kamar kazar da ke neman wurin ƙwai.

A wata na biyu 'yarsa ta zo asibitin ita kaɗai bayan an tashi makaranta. Ta zauna a bakin benci tana murza mayafi, ta ce, "Baba, ko in kai ta wurin waccan likitar ta yara, wadda ta koyar da ku a bita? Ba wai don wani abu ba, na ga aiki ya yi maka yawa."

Ya sha mur. "Jikata? Ina raye, ina da hannu, a kai jikata wurin wata? Mutane su ce me?"

"Ba haka nake nufi ba, Baba."

"Ranar Talata za a yi. Na gama magana."

Ta sunkuyar da kai ta ce to. Yarinya ce mai kunyar ubanta, ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Ni kuwa ba ni da wannan ciwon. Tana sauka na wanke shi tas. Na ce ba jikarsa yake karewa ba, sunansa yake karewa. Na ce Baba katako yake sassaƙa, katako ba ya kuka, ba ya ɓuya bayan kujera. Na ce in ba zai iya ba ya faɗa, ba abin kunya ba ne tsoho ya ce bai iya sabon abu ba. Ya tsaya da tawul a hannu, idonsa ya kaɗa.

"Ke ba ki gane ba," ya ce. "In na rufe, ba zan ƙara ganin abin da ke faruwa a ciki ba. Shekara biyar zan yi ina kallon bakinta ban san me ke ƙarƙashi ba. In ya ci gaba fa? A bakin ɗan wani ma ban iya ba, bare ita."

Tausayinsa ya kama ni, ba zan ɓoye ba, kuma nan na yi nawa kuskuren. Da na bi 'yarsa ƙasa na ce mata ɗauki 'yarki gobe ki kai ta, fushinsa a wuyana, da yanzu wani labarin nake bayarwa. Amma na yi shiru. Bakin nan nawa da ba ya gajiya, ranar da ake buƙatarsa ya mutu. Talata ta zo aka yi rasuwa a dangin matarsa, ya yi tafiyar kwana huɗu. Da ya dawo robobi sun faɗi, wurin ya sake komawa.

Saura kwana uku a cika wata uku, da safe ina share matakala, sai ga 'yarsa ɗauke da Rediyo a kafaɗa. Kuncin dama ya kumbura, yarinyar ko gaisuwa ba ta yi ba. Uwar ta ce kwana biyu ke nan tana kukan ciwo, ta ƙi abinci, ita kuma ta yi ta ba ta maganin zazzaɓi don kada ta tayar wa Baba hankali. Yaya ya ɗaga leɓen da yatsa ɗaya. A dasashi, daidai gindin haƙorin, ga ƙurji nan ya nuna, da ya ɗan danna sai mugunya ta fito. Haƙorin har yana girgiɗi. Aka sake ɗaukar hoto, ya nuna ruɓar ta wuce jijiya, ta cinye har tsakanin saiwoyi. Ya kira likitar yaran da kansa, wannan karon ba tambaya goma, ɗaya ce: ko akwai yadda za a ceci haƙorin? Ta sa ya tura mata hoton. Ta ce babu, sai cirewa.

Aka ba ta magani na 'yan kwanaki kumburin ya sauka. Na ce masa ya bar wa wani ya cire, ya ce a'a, shi ya jawo, ba zai tura wa kowa ba. Ranar Alhamis da hantsi suka zo. Na riga na shirya awartaki da auduga na rufe su da ƙyalle. Na kuma shirya hannuwana, don na san aikina.

Ya durƙusa a gabanta a ɗakin jira, gwiwoyinsa na ƙara. Ya gaya mata gaskiya, wannan kam ba zan ci amanarsa ba. Ya ce haƙorin ya yi ciwo da yawa, sai an fitar da shi. Ya ce yau akwai allura.

"Ka rantse fa, Kaka."

"Na rantse. Ban cika ba."

Ta ce, "Da abin nan mai kuka?"

"Babu shi."

Ta sauka daga benci da kanta, ta shiga, ta hau koriyar kujera. Na matso zan riƙe ta, ta ce, "Gwaggo, bari, zan tsaya." Ta kama gefen rigarsa da hannu ɗaya ta buɗe baki. Allura ta shiga, hawaye na gangara mata har cikin kunne, amma ko motsi ba ta yi ba. Wallahi da ta yi ihu ta shure mu da ya fi min sauƙi. Uwarta ta juya ta fuskanci bango. Minti ɗaya haƙorin ya fito, ɗan ƙarami, rabinsa baƙi. Na tura mata auduga na ce ta cije.

Ta cije na ɗan lokaci tana jan numfashi. Sannan ta sa yatsu ta zaro audugar, leɓenta a karkace saboda allura, ta ce, "Kaka, ka ga ban yi ihu ba ko?"

"Ba ki yi ba. Kin fi kowa."

"To sa min hular."

Ashe duk tsayuwar nan da ta yi, a ranta kuɗin hular take biya da jikinta. Ba wanda ya yi tunanin gaya mata cewa hula a kan haƙori take zama. Ta gyara zama a miƙe yadda aka koya mata, ta buɗe baki, jini na taruwa a ramin. Yaya ya juyo ya kalle ni. Na kawar da kai, don wannan ba zan miƙa masa ba.

"Babu inda za ta zauna," ya ce. "Haƙorin ya tafi. Ni ne na yi jinkiri."

Ta taɓa wurin da harshe. Ba ta yi fushi ba, abin da ya kashe ni ke nan. Ta ɗan saki rigarsa, ta gyara masa inda ta yamutsa.

"To ba komai, Kaka," in ji ta. "Sai sati mai zuwa ko?"